Kafin Ku Sayi Tsohon Keken Zigizag Don Takawa da Ƙafa

Ƙannena masu koyon ɗinki, maza da mata, musamman ku na wajen Ƙofar Mazugal da Gwammaja da gindin Dala, ina so mu yi wata magana kafin ku miƙa wa mai sayar da keke kuɗin da kuka daɗe kuna tarawa. Yawancinku a kan baƙin keken nan na Butterfly kuka fara taka ƙafa. Keke ne mai amana, yana miƙe ɗinki sumul, ba ya gajiya, sai dai iyakarsa ke nan. Ranar da aka kawo muku hijabi na yadi mai jawuwa, ko rigar yara mai son gidan maɓalli, ko ɗan surfani a wuyan kaftani, dole ku naɗe aikin ku kai wa wani, ku biya shi, ku kuma zauna jiran ya gama nasa tukuna. A nan ne zuciya ke fara raya wa mutum ya mallaki keken zigizag, wanda allurarsa ke tafiya dama da hagu. Tunani ne mai kyau. Wajen zaɓe ne ake tafka asara.

Kekunan zigizag da ake jerawa a kanti yanzu kusan duk na wuta ne, halin wuta kuwa ba sai an faɗa wa ɗan Kano ba. A watan Oktoba na 2024, da manyan layukan da ke kawo lantarki Arewa suka lalace, Kano da maƙwabtanta sun fi mako guda a cikin duhu. Janareta ma ya fi ƙarfin ƙaramin tela, don tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba sai da ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Babban tela mai yara goma a shago zai iya raba wannan kuɗin a kan ɗinkunan da ya karɓa. Wanda aka yaye jiya, ko yarinyar da ke ɗinki a tsakar gidansu, ba su da wannan sararin. Ku tuna goman ƙarshe na azumi: kaya sun taru, masu su suna sintiri, an ɗauke wuta tun la'asar. A irin wannan daren mai keken taka ne kawai yake cika alkawari.

Shawarata ita ce ku nemi tsohon kan keke na zigizag, irin waɗanda aka ƙera a shekarun 1950 da 1960, ku cire masa moto, ku ɗora shi a kan ƙafar taka. Akwai dalilin da ya sa na ware waɗannan shekarun. Zigizag ya fara shiga kekunan gida a Turai a shekarun 1930, a hannun kamfanoni irin su Pfaff na Jamus da Necchi na Italiya da Bernina na Suwizalan, amma bai yaɗu ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Daga ƙarshen shekarun 1960 kuma kamfanoni suka yawaita cusa roba a cikin kayan ciki da ɓoye moto a cikin jikin keke. Tsakanin nan ne aka yi kekunan da suka haɗa abu biyu: suna zigizag, kuma ƙirarsu ta zamanin da kai ɗaya ake sayar da shi da ƙafar taka, ko da abin juyawa na hannu, ko da moto, gwargwadon abin da mai saye yake so. Moton irin waɗannan rataye shi aka yi da noti ɗaya a bayan keke. Cire shi ba ɓarna ba ce, mayar da keken ne inda ya fito. Har a Amurka, saboda jama'ar Amish da ba sa jawo wutar lantarki gidajensu, kamfanin Janome ya fitar da kan zigizag mai lamba 712T wanda ba shi da moto sam, don a taka shi da ƙafa.

Ga kuma wata dama da mutane da yawa ba su lura da ita ba. Tsofaffin kekunan da ke shigowa daga Amurka motocinsu na wuta mai ƙarfin 110 ne, na Japan 100, tamu kuwa 230 ce. Wani ya saya bai sani ba, ya jona kai tsaye, moto ya yi hayaƙi ya mutu. Daga nan sai a ce keke ya lalace, a tura shi lungu, ƙura ta rufe shi. Kan nan lafiyarsa ƙalau, abin da ya ƙone shi ne ainihin abin da kai ba ka bukata. Idan ka ji mai kaya ya ce “sai dai fa motonsa ya ƙone”, kada ka juya, nan ne ma ya kamata ka durƙusa ka duba da kyau.

Ma'aunin da nake so ku riƙe guda ɗaya ne: ku sayi keken da duk abin da zai nema a rayuwarsa za a same shi da tafiyar ƙafa daga Mazugal. Allah ya ajiye ku a wuri mai albarka. Ga Ƙofar Wambai da zare da allura da kayan ɗinki, ga Ƙofar Ruwa da ƙarafa da masu walda, ga Fagge cike da teloli da masu gyaran keke, ga Kantin Kwari da yadi, ga Kurmi da masu aikin fata. A shekarar 1851 da Bature Heinrich Barth ya shigo Kano ya yi mamakin yadda tufafin garin ke kaiwa ƙasashe masu nisa, a wannan shekarar ce Isaac Singer ya samu takardar mallakar fasahar kekensa a Amurka. Wato kafin keke ya zo, sana'ar tufa a garin nan ta riga ta zama sarƙa, masaƙi na riƙe da marini, marini na riƙe da maɗinki. Keken da zai amfane ka shi ne wanda zai shiga wannan sarƙar. Wanda in ɗan ƙarfe ɗaya ya karye sai an yi odarsa daga Turai, komai sunansa, komai kyansa, bar wa mai shi.

Abu na farko, zagaya bayan keke ka ga inda moto yake. In kana ganinsa a waje, da ɗan bel ɗinsa na roba da ya hau wilin hannu, madalla. In ba ka gan shi ba, sai waya kawai ta shige cikin jiki, to a ciki yake, kuma galibi irin wannan ba ya karɓar bel daga ƙasa. Misali Singer 401A da 500A, kekuna ne na ƙwarai, amma motonsu a ciki yake, da giya yake juya keken, wilin ba shi da gurbin bel. Ɗan'uwansu 401G, wanda aka ƙera a Jamus, shi an bar masa hanyar bel. Harafi ɗaya ne ya raba 401A da 401G, saboda haka ku riƙa karanta lamba har ƙarshenta. A kekunan Singer, K na nufin masana'antarsu ta Clydebank a Sikotilan, G Jamus, M kuma Monza ta Italiya.

Sannan ka fito da igiya daga aljihu. Wannan gwajin ba ya cin ko sisi, amma ya fi kowanne muhimmanci. Ɗora igiyar a gurbin bel na wilin hannu, ka saki bakinta biyu su sauka, ɗaya ta gaba, ɗaya ta baya. Dole su sauka a miƙe ba tare da sun gogi jikin keke ko gefen gindinsa ba, don haka bel ɗin fata zai sauka ya ratsa ramuka biyu na tebur ya kama babban wili na ƙasa. Akwai kekunan da gindinsu ya zarce har ƙarƙashin wili, akwai waɗanda aka lulluɓe gurbin bel da murfin da yake haɗe da jiki. Za ka ji wani ya ce a kai wa mai walda ya yanke. Ban goyi bayan haka ba ga mai keke ɗaya tilo. Ƙarfen zubi ba ya son wasa, yana iya tsagewa, in ya tsage kuma an gama.

Gindin ma a duba shi. Wanda kake so shi ne mai shimfiɗaɗɗen gindi, tsawonsa kamar inci 14 da rabi, faɗinsa kamar inci 7, da ramuka biyu a baya inda ƙarafan tebur ke shiga su riƙe kai idan an kwantar da shi. Wannan shi ne awon Singer mai lamba 15, wanda shi masana'antar Shanghai ta kwaikwaya ta ƙera Butterfly, shi ya sa kan da ya dace da wannan awon yake zama daram a teburin Butterfly. Masu siririn hannu da ake zura hannun riga a ciki ba a yi su don teburin taka ba. Kafin ka fita daga gida, auna bakin ramin teburinka da tazarar ƙarafan nan biyu da tef, ko ma ka zana shi a kan kwali ka yanke ka tafi da shi. Tela ne kai, bai kamata a ce awo ne ya ci ka ba.

In ya tsallake waɗannan, sai a zo ga nauyin juyi, kuma a nan nake so ku daɗe. Moto ba ya ƙorafi, duk taurin keke zai ja shi har ya ƙone. Ƙafarka kuwa daga safe zuwa dare za ta riƙa biyan kowane ɗan tauri da ke cikin ƙarfen nan, gwiwa da ƙugu su karɓi saura. Cire bel ɗin moto, ɗaga ƙarfen da ke danne yadi, sa yatsa ɗaya ka juya wili ya nufo ka. Ka lura ko nauyin iri ɗaya ne a duk zagayen, ko akwai wurin da yake cijewa. Nauyi iri ɗaya sau da yawa tsohon mai ne ya daskare, kananzir da haƙuri suna warware shi. Cijewa a wuri guda a kowane zagaye kuwa tana iya zama zare ne ya naɗe a ƙoshiya, wannan mai sauƙi ne, tana kuma iya zama sanda ce ta lanƙwashe saboda keken ya taɓa faɗuwa ta kan wili. Tsaya a gefe ka kalli wilin yana juyawa. In yana rawa, ajiye shi. Ka maimaita gwajin bayan ka buɗe zigizag har ƙarshensa, domin wani keken yana da sauƙi a miƙaƙƙen ɗinki, sai an ce allura ta yi dama da hagu yake nuna halinsa.

Mai sayen ragon layya ba ya tsayawa a ƙaho, sai ya taɓa gadon baya ya buɗe baki ya ga haƙora. Kai ma ka roƙi mai kaya ya bar ka ka kwance murfin sama, ka kwantar da kan ka haska ƙasansa da fitilar waya. Abin da kake nema shi ne giya. In ka ga ƙarfe ko tagulla, alhamdu lillahi. In ka ga fara ko ruwan ƙwai, roba ce, kuma robar da ta shekara hamsin tana tsagewa ko da ba a taɓa ta ba. Da yawa daga cikin Singer na jerin Touch & Sew haka suke ƙarewa, har wasu tsofaffin Bernina masu tsada suna da giyar roba da ke tsagewa. Wanda ya hana ka buɗe murfi, yi masa godiya ka wuce. Cinikin biri a sama ba na mai ƙaramin jari ba ne.

Kada yawan zanen ado da aka jera a goshin keke ya ruɗe ku. Kowane zane akwai ɗan faifan da ke tura allura ta fitar da shi, kuma kowane ƙarin faifai ƙarin nauyi ne a ƙafa, ƙarin abin lalacewa ne a ciki. Aikin da zai ciyar da ku abu huɗu yake nema: miƙaƙƙen ɗinki, zigizag da ake ƙara masa faɗi a rage, komawa baya don ɗaure ɗinki, da hanyar saukar da haƙoran da ke jan yadi. Da waɗannan ake yin gidan maɓalli, a dasa maɓallin kansa, a kashe bakin yadi kada ya zare, a ɗinka roba a ƙugun wando, a ɗora leshi a kan atamfa, a cike harafi a rigar makaranta. Hannun da ya ƙware da sauke haƙora da juya yadi a cikin zobe yana fitar da surfanin da faifai ba zai taɓa fitarwa ba.

Sai allura da kwarkwaro, inda aka fi yi wa yara sakiyar da ba ruwa. Allurar keken gida da ake samu ko'ina ita ce mai gefe ɗaya a shafe, wadda za ku ga an rubuta HAx1 ko 15x1 ko 130/705H a fakitinta, duk abu ɗaya ne. Ita Butterfly ke ci. Singer 206 da 306 da 319 kuwa, duk da cewa suna hawa ƙafar taka lafiya, kuma ƙarfe ne na gaske, allurarsu daban ce, 206x13, mai gajeren tsini. In aka sa musu ta gama-gari tana iya dukan gidan kwarkwaro ta ɓata shi. Wasu makanikai suna sauya musu tayimin don su karɓi allurar kasuwa, amma wannan ba hanyar mai fara sana'a ba ce. Ka tafi da sabuwar allura lamba 14 da lamba 16, da kwarkwaro da ƙoshiyar Butterfly ɗinka. In suka shiga suka zauna, keken ya zama ɗan gari.

Akwai wani amfani kuma a irin wannan ƙoshiyar. Ƙugiyar da ke cafke zare a ƙasa iri biyu ce, mai kai da komo da mai zagayawa gaba ɗaya. Mai zagayawa ta fi sauri da laushin tafiya, amma a keken taka, inda wili kan koma baya in ƙafa ta kuskure, tana saurin cushewa da zare har keke ya ƙame. Mai kai da komo, irin ta Butterfly, tana da haƙuri, kuma in ta cushe da hannu za ka buɗe ta ka share ka mayar. Ciro ta ka shafa tsininta da farce. In ya karye ko ya yi kaushi zai riƙa tsinka zare, sai dai ita wannan ana samun sabuwarta a gari.

In kuka ce in ambaci suna, zan fara da kekunan Japan. Bayan yaƙi masana'antun ƙasar suka kwaikwayi Singer 15, daga baya suka ƙara masa zigizag. Brother da Janome da Juki da Riccar, har da Toyota, duk sun ƙera, aka kuma riƙa liƙa musu sunaye barkatai na 'yan kasuwar da suka yi oda. Saboda haka in ka ga kai mai nauyi, mai launin kore ko shuɗi ko ruwan madara, da sunan da ba ka taɓa ji ba, amma an buga Japan a jikinsa, kada ka raina shi. Sau da yawa shi ne ya cika duk sharuɗɗan da na lissafa, kuma shi ne mai araha saboda ba shi da suna. Abu ɗaya za ka lura: a wasunsu, in an rufe zigizag, allura a hagu take tsayawa maimakon tsakiya. Ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera su, amma sai hannu ya saba wajen bin bakin yadi.

Singer 237, wanda aka yi a Monza a ƙarshen shekarun 1960, ina ganin da wuya a samu wanda ya fi shi dacewa da wannan aikin. Ba shi da ado, nauyi gare shi kamar me, allura da kwarkwaronsa na kowa ne. Necchi BU na garin Pavia shi ma kwarkwaron Butterfly yake ci, ɗinkinsa kuma abin kallo ne, sai dai an matse kayan cikinsa ƙwarai, in ya daɗe ba mai yana ƙamewa, kuma yana son a riƙa shayar da shi kullum. Pfaff 130 ƙarfinsa ya shahara, yana ratsa yadi mai kauri ba gardama, amma a cikinsa akwai wani bel na zare mai ƙananan ƙarafa da ke haɗa sama da ƙasa. Haska shi da kyau. In ya jiƙe da mai ya fara ruɓewa, samun madadinsa a nan aiki ne, kwarkwaronsa ma nasa ne shi kaɗai. Wanda ya riga ya kafu zai iya riƙe Pfaff. Mai keke ɗaya ya yi tunani sau biyu.

Na san wasunku idonsu na kan keken 20U, don shi kuke gani a shagunan masu aikin wuya a Fagge. Gaskiya ne faɗin zigizag ɗinsa ya kai milimita 9, wasu ma 12, alhali na gida bai cika wuce 5 ba. Amma keken masana'anta ne, teburinsa daban, allurarsa daban, an yi shi ne don babban moto. Ana iya taka shi a kan babbar ƙafa irin ta masana'anta, ba a kan ta Butterfly ba. In aikin babbar riga da manyan kaftani kake nufi, lokacinsa zai zo, ka tara masa kuɗi a hankali daga abin da ƙaramin ya samo.

Kada a biya sai an ɗinka. Ko ba wuta, ana juya wili da hannu a ga ɗinki. Tafi da ƙyallayen da ka saba aiki da su, shadda da atamfa da yadin hijabi da ɗan guntun jins, ka sa zare mai launi ɗaya a sama, wani launin a ƙasa, don ka ga inda suke haɗuwa. Buɗe zigizag har ƙarshe ka yi taƙi guda. Duba gefen dama da na hagu. In yana tsallake a gefe ɗaya, ko dai tayimin ya goce, wanda gyaransa ba wuya, ko kuma kayan sun cinye. Yadda za ka bambance shi ne ka kama sandar allura ka girgiza ta. Ɗan motsi kaɗan ba laifi, amma in tana kaɗawa, keken ya gama ƙuruciyarsa, ba kuma mai gyaran da zai dawo masa da ita. Daga nan rufe zigizag gaba ɗaya ka ga ko layin ya miƙe sosai. Wanda ke ɗan karkacewa ko an rufe shi zai kunyata ka a gaban shadda.

In da hali, ka roƙi maigidanka ko wani dattijon mai gyaran keke ya raka ka, ka biya shi ladan tafiyarsa da daɗin rai. Kunnensa yana jin abin da idonka bai gani ba. Kuma kada ka zuba duk kuɗinka a kan kai, ka rage na bel da mai da wanki da ɗan gyaran da ba a rasa ba.

Ƙafar taka kuwa, kafin ku je kasuwa ku fara tambaya a gida. Gidaje da yawa a cikin birni akwai ƙafar keken da aka kai wa inna ko gwaggo a kayan ɗaki, kan ya daɗe da mutuwa, an mayar da teburin wurin ajiye kwanuka. Tsohuwar ƙafa ta ƙarfen zubi ta fi yawancin sababbi nauyi da natsuwa, kan zigizag kuma yana da nauyi, yana son abin da ba zai yi rawa a ƙarƙashinsa ba. A duba tsagewa a ƙafafun da babban wili, a taka a ji ko sandar da ke haɗa matakin da wili tana ƙwanƙwasa. In katakon ne ya ruɓe, kafinta zai yi sabo. Ku 'yan mata, wannan maganar ta fi shafar ku, domin yawancinku a cikin gida za ku yi sana'ar nan, inda ba janareta, ga yara na barci. Keken taka ba ya hana kowa barci. In ana shirin kayan ɗaki aka tambaye ki, ki faɗi abin da kike so da bakinki.

Haɗawar ba ta da wuya. A kwance notin moto a cire shi tare da wayoyinsa da fitilarsa, a ɗaure su a leda a adana, wata rana za su yi amfani. A zaunar da kai a kan ƙarafan tebur, a tabbatar gurbin bel yana saitin ramukan. Bel ɗin fata ne zagayayye, kaurinsa kusan milimita 5, yakan zo da tsawon da ya kai inci 72, an bar rara don a yanke. A zagaya shi, a auna, a yanke kaɗan kaɗan, a huda da basilla a haɗa bakin biyu da ɗan ƙarfensa a danne. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaure shi tamau. Bel mai tsauri yana sa keke nauyi, yana cin kayan ciki. A bar shi daidai yadda ba zai zame ba kawai. Sabuwar fata tana saki bayan 'yan makonni, sai a rage ɗan guntu a sake haɗawa.

Wilin hannu na kekunan moto ƙarami ne, ba ya riƙe gudu kamar babban wili mai ƙafafu na baƙin keke, saboda haka za ka ji yana saurin tsayawa. A yawancin kekunan Japan wilin Butterfly yana shiga sandarsu, tafiyar kuma ta yi daɗi. Sai dai in an sauya, ɗan tayan da ke naɗa zare a kwarkwaro ba lallai ya taɓa sabon wilin ba. Ka fara gwada na asalin na ɗan lokaci. In ka sauya kuma abin naɗin ya ƙi, ka riƙa naɗa kwarkwaronka a baƙin keke, tunda iri ɗaya suke ci.

Mai kuwa, man keke fari kawai. Ban da man gyaɗa, ban da baƙin mai. Man gyaɗa yana daskarewa ya zama danƙo, kekuna da yawa da ake cewa sun mutu shi ne ya kashe su. Zigizag yana da gaɓoɓi fiye da baƙin keke, musamman wajen da sandar allura ke lilo da wajen maɓallin faɗi, kowace gaɓa tana son ɗigo ɗaya. Da hunturu, ƙurar Kano in ta haɗu da mai sai ta riƙa cin ƙarfe a hankali, don haka a share haƙora da gidan ƙoshiya kullum, a rufe keke da zane in an tashi. Ƙafar ma tana son nata man a wuraren da take juyawa.

Za ku ji bambanci a makon farko. Taku ɗaya yana ba da ɗinki kamar huɗu, kuma cikon zigizag mai matsewa yana cin taku da yawa kafin a yi inci ɗaya. A fara tayar da wili da hannu, ƙafa ɗaya a gaba ɗaya a baya a kan mataki, a nemi tafiya mai ɗorewa maimakon gudu. Ladan abin shi ne allura tana tsayawa daidai inda ka ce ta tsaya, abin da ake bukata ke nan a kusurwar gidan maɓalli da lanƙwasar harafi.

Kada kuma ku sayar da baƙin kekenku don kun samu zigizag. Ramin da allurar zigizag ke shiga mai faɗi ne, yakan ja yadi mai laushi ƙasa ya tattare shi, dogon ɗinkin shadda kuma har gobe baƙin keke ya fi fitar da shi tsaf. In mai kaya yana da farantin miƙaƙƙen ɗinki mai ɗan ƙaramin rami da sauran ƙafafun danne yadi da suka zo da keken, ku sa su a cikin ciniki tun farko, domin nemansu daga baya wahala ne. Wanda bai da halin ƙafa biyu, tunda gindin kawunan awo ɗaya ne, ƙafa ɗaya ta ishe shi: ya tara aikin zigizag na mako ya yi shi rana guda, ya sassauta notuna biyu na baya, ya ɗaga wannan kan ya ɗora wancan. In tsawon bel bai zo ɗaya ba, kowane kai a yanka masa nasa, a rataye a ƙusa kusa da tebur.